Mai Shayin da Aka Ba Sunana

Ni shayi nake sayarwa a ƙofar kibandar Kyeyune, nan Kawempe, dab da inda 'yan boda suke jera baburansu. Kibandar rumfar katako ce mai rufin kwano, da bencuna a ciki da talabijin a kan kanta, sai lasifika ɗaya da aka rataye a waje don mai wucewa ya ji ƙarar faɗa ya kwaɗaitu. Teburina yana ƙarƙashin lasifikar nan. A wurin Kojjana na gaje shi, ƙanin mahaifiyata, tare da butoci biyu da murhun gawayi. Sunana Lubwama.

Kyeyune shi ne mai kibandar, shi ne kuma mai fassara. Yakan zauna a gefen talabijin da makirfo a hannu, ya danne muryar 'yan fim ya ɗora tasa. Ba ya jin yaren Caina, kowa ya san haka. Rubutun Turancin da ke gudu a ƙasa yake bi da ido, abin da ya kama ya kama, sauran ya cike da nasa. Kuma tunda sunayen mutanen can ba sa zama a bakinmu, sai ya raɗa musu namu. Da sabuwar fuska ta fito sai ya dube ta, ya dubi masu zaune a bencuna, ya ce, "Ga Kaggwa nan ya iso a kan dokin aro," wuri ya ɗauki shewa. Mutane na son abin. Akwai masu kai masa gasasshiyar ayaba don kawai a ba jarumi sunansu.

Sai dai sunan da Kyeyune ya ɗora ba ya sauka. Akwai wani mahauci da muka yi a layin nan, Ssekandi. An ba wani sunansa a fim, mutumin ya zo ya ci amanar maigidansa, ya buɗe wa abokan gaba ƙofar gari. Da wasa aka fara. Mata suka riƙa cewa su kam ba za su yarda da sikelin wanda ya buɗe ƙofar gari ba, ana dariya. Dariyar ta wuce, maganar ta zauna. Kafin damina ta zagayo Ssekandi ya kwashe wuƙaƙensa ya koma garinsu Mukono. Ni na taya shi ɗaure kaya a bayan mota.

Sabon fim ɗin kuwa mun daɗe muna jiransa. Hotonsa ya riga shi zuwa da makonni, Kyeyune ya liƙa shi a jikin katako daidai saman butocina, har tururi ya sa gefensa ya nannaɗe. Wani mutum ne tsaye a kan tsinin gora da lema a hannu, a bayansa wani ƙaton kifi mai fukafukai yana keta gajimare. A ƙasa Kyeyune ya rubuta sunan da ya ga dama, Ɓarawon Inuwa, ya ce fim ɗin bincike ne, kisa ake yi ba a san mai yi ba.

Kowace safiya a ƙarƙashin hoton nan ake shan shayi ana gardama.

"Lemar nan takobi ce a cikinta," in ji Kaggwa, wani ɗan boda mai bakin tsiya. "Ku riƙe maganata."

"Kai komai takobi," Ssalongo Mukiibi ya ce. "Gobe za ka ce cokalin Lubwama ma takobi ne."

"Ssalongo, kai da ke yin barci tun ba a kashe mutumin farko ba, ina ka san abin da ke cikin lema?"

"Ido nake hutarwa, ɗan banza. Kunnena a buɗe yake."

Ssalongo uban tagwaye ne, shi ne shugaban 'yan bodan layinmu. Shi ke fara shan shayina kullum, mai citta da yawa, kuma inda ya ajiye kofinsa nan sauran ke ajiye nasu.

Ana saura kwana kaɗan Kyeyune ya tsaya a teburina, ya sha rabin kofi a tsaye, ya kashe mini ido ɗaya.

"Lubwama, na tanadar maka wani abu a fim ɗin nan."

Na yi murmushi na ce na gode, Ssebo, yadda muke ce wa namiji don girmamawa, mace kuma Nnyabo. A lokacin alheri na ɗauke shi. Sai daga baya na riƙa juya maganar a raina, ina duba ƙasanta.

Ran Asabar da la'asar kibanda ta cika har wasu na zaune a ƙasa. Ni a bakin ƙofa na tsaya kamar yadda na saba, ido ɗaya a talabijin ɗaya a murhu. Wani gari ne a kan ruwa, manyan alƙalansa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin mutum ya mutu sai inuwarsa ta rabu da ƙafafunsa ta bi bango ta tafi, a wayi gari a same shi a sandare. Aka aika kan dutse aka kira wani mai gyaran lema wanda a da shi ne babban mai binciken sarki.

"Ga Ssalongo Mukiibi nan!" Kyeyune ya daka tsawa. "Ya ajiye boda ya ɗauki lema!"

Ssalongo ya gyara zama ya ɗaga hannu, aka yi tafi. Da wani janar mai tabo a kumatu ya fito yana hararar kowa, Kyeyune ya ce wannan Ssekandi ne, ya dawo daga Mukono. Aka kwashe da dariya, tunda mai sunan ba ya nan.

Sai ga wani siririn saurayi a zauren alƙalai. Tafiyarsa ba ƙara, kansa a sunkuye, yana riƙe da buta mai dogon baki. Ya juya ta ta bayan kafaɗarsa ya tsiyayo shayi daga nesa, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba.

"Jama'a, ku tafa wa Lubwama! Lubwama mai shayi, ga shi har Caina ya kai citta!"

Duk suka juyo suna kallona suna tafi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ban taɓa samun suna a fim ba, ko na mai riƙe doki.

Aka ci gaba. Alƙali na uku ya mutu, an yi faɗa a saman rufin gidaje, lemar ta buɗe ashe kuwa da takobi a cikinta, Kaggwa ya hau benci yana bugun ƙirji. Daga nan mai binciken ya zauna a ɗakin mamacin, ya ɗauki kofin da ke kan tebur, ya kai shi hanci. A nan faifan ya tsaya. Fuskarsa ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai, kofin a hancinsa. Kyeyune ya ciro faifan ya goge da riga, ya hura masa iska, ya shafa masa man goge baki. Duk inda aka mayar, a kofin nan yake tsayawa. Daga ƙarshe ya ce sai ya shiga gari ya samo wani, a dawo Asabar mai zuwa.

Da fim ɗin ya tsaya a wani wuri, da ba abin da zai faru. Amma mako guda mutane suka kwana suka tashi da kofin nan a ransu.

Washegari Kaggwa ya karɓi shayinsa, ya kai hanci ya shinshina, yana kallona ta saman kofi.

"Tsaya tukuna. Duk alƙalin da ya mutu, wa ya ba shi shayi?"

"Mai tabo ne ya yi kisan," wani ya ce. "Ka ga idonsa kuwa?"

"Shi ya sa ba shi ba ne. 'Yan Caina ba sa nuna maka mugu da tabo tun farko. Mai sunkuyar da kan nan, mai 'na gode Ssebo, na gode Nnyabo', shi ne abin tsoro." Ya nuna ni da leɓe. "Dube shi. Kun taɓa jin ya ɗaga murya? Mutum ba ya fushi, to ina yake kai fushin nasa?"

Aka yi dariya, ni ma na yi. Da suka gama sha sai suka fita rana suna duba ƙasa, wai ko inuwarsu na nan. Kaggwa ya yi tsalle ya ce tasa ta rage tsawo.

Ranar farko wasa ne. Rana ta biyu ma wasa ne, sai dai na lura wata mai sayar da tumatir da ta saba aiko da kofinta ba ta aiko ba. Ran Talata kuma Ssalongo bai fito ba. Aka ce ciki ne ya murɗe shi tun asuba. Ni na san abin da ya ci, don a gabana ya sayi wake da gurasar capatin da ta kwana a wurin wata mata can ƙasan layi. Na faɗa. Ba wanda ya musa mini, ba kuma wanda ya ce haka ne. Butocina kawai suke kallo.

A ranar ce Namuyiga ta zo da fulas. Ƙanwar matar Kyeyune ce, mandazi take sayarwa a faranti, wani irin fanke, kuma ta taɓa tambayata ko ba zan matsa mata gefen teburina ba, ban matsa ba. Ban taɓa ganinta da shayi ba sai ranar. Ta kafa kujera a ɗaya gefen ƙofar, ta jera kofunan roba, ba ta ko dube ni ba. Kafin azahar 'yan boda da yawa sun koma can. Masu kunya a cikinsu sukan ce mini yau madara suke marmari, ita da madara take yi.

Na zauna ina fifita gawayin da ba ya bukatar fifita, ina haɗa abubuwa. Na tanadar maka wani abu. Faifan da ya tsaya daidai kan kofi. Fulas ɗin da ya fito a makon da ya dace. Na tuna Ssekandi, sai na tuna kuma wanda ya karɓi rumfarsa bayan ya tashi abokin Kyeyune ne. A da ban taɓa haɗa waɗannan biyun ba. Wataƙila ma ba su haɗu ba. Amma da zuciya ta fara wannan aikin, komai ta ɗauka sai ta ga ya shiga.

Ran Alhamis da hantsi na rufe butoci na zagaya bayan kibanda, inda Kyeyune ke da ɗan ɗaki. Na same shi a ƙofa yana fere wayar lasifika da haƙori.

"Ssebo Kyeyune, wata tambaya ce da ni."

"Ɓarawon inuwa da kansa! Zauna, amma kar ka ba ni komai in sha."

Ban yi dariya ba. Ya dube ni, ya tofar da robar wayar.

"Ka ga ƙarshen fim ɗin nan?" na ce.

"Ni? Ban taɓa kallon fim kafin in fassara shi ba. In na san ƙarshe muryata mutuwa take yi. Ihun da kake ji ina yi in an kai duka, na gaske ne, tare da ku nake firgita."

"To me ka ce ka tanadar mini?"

"A bayan kwalin faifan na ga mai buta. Na ce wannan na Lubwama ne, yaron kirki, bai taɓa roƙona suna ba. Laifi ne?"

"Namuyiga fa?"

"Wannan ka tambayi matata. Ni a gidana ko kujerar da zan zauna sai an nuna mini."

Ta bayan kafaɗarsa ina hango cikin ɗakin. Akwai ƙaramar talabijin a kan akwati, da na'urar faifai, da wani faifai a kife a kanta yana ƙyalli. Ko sabon ne ya riga ya samo, ko wani tsoho ne, ban sani ba. Ya ga inda idona ya tafi, ya miƙa ƙafa ya tura ƙofar ta rufe. Wataƙila don gadonsa ba a gyare yake ba ne.

"In ya zama mai butar nan ne ya yi kisan fa?" na ce. "Teburin nan na Kojjana ne. Ba ni da Mukonon da zan koma."

"Ba shi ba ne. Mai tabo ne. Fim ɗin Caina nawa na gani a rayuwata? Je ka hura wutarka."

Asabar ta zo. Mutanen da suka taru sun fi na farko, har da matan kasuwa da ba su saba shiga ba. Ssalongo ya warke, ya zauna a bencin gaba, ya rame kaɗan. Da ya wuce ni ya amsa gaisuwata, amma bai nemi shayi ba. Na ɗora buta ɗaya kawai, na tsaya a bakin ƙofa.

Aka wuce wurin kofin lafiya. Mai binciken ya shinshina ya ajiye. Ba a jima ba sai ga janar mai tabo yana tafiya a kan gada, inuwarsa ta zame daga ƙafafunsa ta faɗa ruwa. Ya durƙusa, ya kife.

"Ssekandi ya tafi," Kyeyune ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "To. Ashe ba shi ba ne."

Kawuna suka fara juyowa wajen ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Na ji kamar in koma wurin murhuna, amma na san in na matsa daga nan za a ce na gudu.

Mai binciken ya tara sauran alƙalai a zaure. Saurayin nan ya shigo da butarsa, kansa a sunkuye. Mai binciken ya buɗe lema ya tare bakin butar. Sai saurayin ya ajiye ta a hankali, ya miƙe bayansa, ashe dogo ne. Ya buɗe murfin. Inuwoyi suka riƙa kwararowa daga ciki baƙi ƙirin, suna bin bango suna kuka. Ya fara magana yana murmushi.

Kyeyune bai ce komai ba.

Tun da nake a ƙofar kibandar nan ban taɓa jin yaren Caina ya yi tsawo haka ba. Saurayin na ta zuba, ba mai fassara. Makirfo na hannun Kyeyune, bakinsa a ɗan buɗe, hasken talabijin na wasa a goshinsa da ya jiƙe. Ba wanda ya yi tari. Daga can baya wata mata ta ce, "Ai na faɗa."

Sai Kyeyune ya gyara murya.

"Kun ji abin da ya ce? Kun ji? Ya ce, ku wawaye, kun ɗauka ni Lubwama ne? Lubwama na gaskiya na ɗaure shi a cikin rijiya tun watan jiya! Fatarsa na ara! Yaron kirki ne, na ce ya zuba muku guba ya ƙi, ya ce shi citta kaɗai ya sani!"

Wuri ya kaure.

"Ƙarya ne!" Kaggwa ya yi ihu. "Ina ya ce rijiya? Ni ban ga rijiya ba!"

"Kana jin yaren Caina ne, Kaggwa? Zo ga makirfo."

"To a nuna mana shi!"

"Ka yi haƙuri mana, ɗan gaggawa. Ssalongo zai cece shi. Ssalongo, kai masa!"

Faɗan da aka yi daga nan ban gan shi sosai ba, ko da yake an ce ba a taɓa kawo irinsa ba. Na dai ga lema ta fasa buta, inuwoyi sun watse suna neman masu su, kifin nan mai fukafukai ya taso daga ruwa ya haɗiye saurayin. Ni Kyeyune nake kallo. Bakinsa na zuba, yana ta ambaton rijiya, wai an aika dogarai da igiya, wai suna hanya, amma idonsa na yawo a kowane lungu na talabijin kamar mai neman abin da ya yar. Fim na ta ƙarewa, ba rijiya, ba igiya.

A ƙarshe mai binciken ya rataya lemarsa yana ratsa kasuwa zai koma kan dutsensa. Kiɗa ya tashi. Kyeyune ya yi wuf ya danna na'ura, hoton ya tsaya. Ya miƙe ya ɗora yatsa a can ƙuryar gilashin, inda wani mutum ke tsaye a bayan tebur da buta, ƙanƙane kamar ƙwayar wake.

"Ga shi nan. An ciro shi, har ya koma bakin aiki. Lubwama ke nan, ko hutu bai ɗauka ba."

Mutane suka taso suna leƙe. Kaggwa ya kai hancinsa har jikin gilashi.

"Wannan ai ƙato ne! Dubi tumbi!"

"A jiƙa ka wata guda a rijiya mu ga ko ba za ka kumbura ba," in ji Kyeyune.

"Har da gemu fa!"

"Da wanzami a rijiyar?"

Wasu na dariya, wasu na cewa Kyeyune ya mayar da su yara. Aka rabu biyu ana ta musu. Sai Ssalongo ya miƙe a hankali, ya je gaban talabijin, ya daɗe yana duban ɗan mutumin nan. Ya juyo.

"Wa ya yi binciken nan?"

"Kai ne, Ssalongo," aka amsa.

"To na bincika. Shi ne." Ya dubi Kaggwa. "Mai ja ya zo ya karɓi lemar."

Ba wanda ya ja. Ya ratso mutane ya fito, ya zauna a bencina, ya ce in zuba masa mai citta. Na zuba na miƙa. Bai karɓa ba.

"Kurɓa tukuna, ɗana."

Na dube shi. Fuskarsa ba dariya, ba kuma faɗa. Na kurɓa. Ya jira kaɗan, ya leƙa ƙasa wajen ƙafafuna inda rana ta shimfiɗa inuwata har bakin kwata, sannan ya karɓa ya shanye. Sauran suka biyo baya, buta ɗayar da na ɗora ba ta isa ba.

Da mutane suka watse Kyeyune ya fito yana naɗe wayar makirfo. Ya tsaya a gabana kamar zai yi magana, sai kawai ya ce, "Ka ga na faɗa maka ban gani ba." Na ce na gani, Ssebo. Shirun nan da ya yi da makirfo a hannu, yawancin kwanaki na yarda na gaske ne. Wasu kwanakin kuma nakan tuna mutumin sana'arsa ke nan, ya san inda ake shiru da inda ake ihu, in tuna da ƙofar da ya tura da ƙafa. Ban sake tambayarsa ba.

Namuyiga ta mayar da fulas ɗinta gida bayan 'yan kwanaki, ta dawo da farantin mandazi. Yanzu a gefen teburina take ajiye shi, ni na matsa mata. Teburin Kojja na nan inda yake. Sai dai har yau ba mai shan kofin farko daga sabuwar buta sai na kurɓa a gabansa, har baƙin da ba su san dalili ba sun koya. Mai tumatir ta dawo da aiko da kofinta, amma 'yarta takan tsaya ta ga na kurɓa.

An liƙa sabon hoto a saman butocina jiya, wata mata da takubba biyu a kan doki. Kafin in hura wuta na roƙi Kyeyune ya ba ni kwalin faifan, na juya bayansa na duba shi a rana, lungu lungu. Ba mai buta. Akwai dai wani mai gyaran takalmi a gefe, yana murmushi.